Bam a Gonar Kawu Baballe

A shekarar da sojoji suka zo atisaye yankinmu, tsakanin Kura da Bunkure, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu. Sunana Iliyasu. Da yake ni ne mai ɗan Turanci a kusa, duk abin da ya haɗa mutanen gari da masu kaki ni ake turawa, sai ka ce ni na gayyato su. An ce mana wasan yaƙi za su yi, ba za a harba harsashi mai rai ba, kowa ya ci gaba da harkarsa. Muka ce to. Da ma ba shawararmu aka nema ba, lokacin mulkin soja ne.

Kawu Baballe yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Dattijo ne marar hayaniya, mai gona ɗaya tak a bakin ƙofar ruwan sashenmu. A wannan ranin irin tumatir ɗin da ya fara renawa ciwo ya cinye shi, sai da ya sake wani. Kafin na biyun ya isa dashe sanyi ya wuce, rana ta fara cizo, kowa ya gama nasa tuntuni. Abin da ke hannunsa shi ne na ƙarshe. Ko da kuɗinka ba za ka samu irin dashe a Kura ko Kadawa a wannan lokacin ba.

Ga yadda ruwa yake a wurinmu. Babbar magudana ce ta ratsa yankin, kowane sashe na gonaki yana da ƙofarsa ta ƙarfe da ranarsa. Tamu Talata ce. In ta wuce ka sai wata Talatar, ko kai ɗan wane ne. Shi ya sa mai dashe yakan yi aikinsa ran Litinin da yamma, ya ɗan tsiyaya wa kowane tushe ruwan gwangwani don ya kwana da rai, da safe a buɗe ƙofa ya sha ya ƙoshi. Haka Kawu ya yi. Ni ma na taya shi bayan an tashi daga makaranta, har bayana ya ƙage.

Da safiyar Talata jirage biyu suka zo. Ban gan su ba sai da suka wuce, sannan ƙarar ta biyo su, ta kusa tsaga mini kunne. Awaki suka tsinke igiya, yaran ajina suka shige ƙarƙashin benci. Jiragen ba su yar da ko tsinke ba. Ina cikin lallashin yara aka aiko wai in zo bakin ƙofar ruwa da sauri.

Na tarar da manoman sashenmu tsaye cirko-cirko, ƙofa a rufe, ƙaramar magudanarmu a bushe. Kefas, mutumin Filato da ke riƙe da makullin ƙofar shekara da shekaru, yana zaune a gindin darbejiya an ɗaura masa farin ƙyalle a dantse. Wani soja da bindiga yana tsaye a kansa. Kawu ya durƙusa gabansa.

"Kefas, lafiya? Rana tana yi, ba ka buɗe ba."

Kefas ya saci kallon sojan, ya sassauta murya. "Baba, wai na mutu."

"Gawa ba ta magana," in ji sojan.

Wasu suka yi dariya. Ni ma na yi, don a lokacin ban san inda abin zai kai ba.

Manyan sojojin suna can gefen gada, sun shimfiɗa taswira a kan gaban mota. Su uku ne. Akwai Manjo, mai farar ɗamara a hannu, shi ne alƙalin wasan, abin da ya ce ya faru to ya faru. Akwai wani matashin hafsan sojan sama da ke magana da yawun jiragen. Sai wani Kyaftin da aka ba shi tsaron gada da ƙofar, yana da bindigar harbo jirgi an lulluɓe ta da ganyen rake. Na yi gaisuwa, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Manjo ya saurare ni tsaf, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce jiragen nan sun ragargaza ƙofar, mai gadinta ya mutu, don haka babu ƙofar da za a buɗe sai an gama atisaye a wannan yanki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ƙofar can ina ganinta, ko fenti bai ɓare ba."

Ya ce ya sani. Ya ce abin da ya ɓata atisayen baya ke nan: a ce an jefa wa mutane bam, su ci gaba da shan shayi, a ce an karya gada, motoci su ci gaba da bi ta kai. Sojan da ya saba da haka ranar yaƙin gaske zai sha mamaki. Wannan karon an ba su umarni daga sama, duk abin da jirgi ya lalata ya zauna a lalace, don kowa ya ɗanɗana.

Maganarsa da ma'ana, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mahaukaci ne da na san yadda zan yi da shi.

Kyaftin ne ya tsoma baki, ba don mu ba, don kansa, tunda shi aka ce ya kasa tsaro. Ya ce in gaskiya ake so a bi ta har ƙarshe. Jirgi mai irin wannan gudun, matuƙinsa ba zai ga ƙofar ba sai na ƙiftawar ido, ƙofar da ba ta fi ƙyauren ɗaki ba. Ga tasa bindigar daga ƙasa tana ta aman wuta, dole matuƙin ya karkace. Kuma irin bama-baman da jiragen nan ke ɗauka ba su da ido, da zarar an sake su sai inda iska ta kai su. Hafsan sama ya ce ƙarya ne, sun zo ƙasa-ƙasa ta gabas, rana tana idon masu bindigar, kafin su juya an gama da su. Ya ce kullum haka sojan ƙasa suke, a wasa sai su ce jirgi bai same su ba. In jirgi ba zai taɓa samun komai ba, don me ake ƙona mai?

Suka yi ta yi, wannan ya buga taswira, wancan ya nuna sama. Ni kuwa ina hango gonar Kawu ta bayan kafaɗar Manjo. Hantsi ya ɗaga, dashen ya fara sunkuyar da kai.

Na sake sa baki. Na ce akwai gonaki fiye da talatin a bayan ƙofar nan, yau ce ranarsu, in magariba ta yi ruwa ya koma wani sashe. Na nuna masa Kawu, na ce dattijon can jiya ya yi dashe. Manjo ya dubi inda na nuna. Ya ce shi ma ɗan manomi ne. Sannan ya juya ga abokansa ya ce ya yanke hukunci: maganar Kyaftin ta fi kama da gaskiya, bam bai sami ƙofa ba.

Wallahi har na fara yi masa addu'a da Hausa.

Hafsan sama ya ce ya ji, amma bam ba ya ɓacewa a sararin sama. In bai faɗa kan ƙofa ba, ina ya faɗa? Manjo ya ce wannan ma gaskiya ne. Suka duba ta inda jirage suka zo, wani ya debi ƙasa ya watsa don ya ga inda iska ta nufa. Manjo ya ja yatsa a kan taswira daga ƙofar zuwa ɗan gaba kaɗan, ya tsaya. Hafsan sama ya ƙara da cewa tunda ba a ba shi ƙofa ba, to a ba shi wani abu: a ce bam ɗin ya nutse a ƙasa bai fashe ba, yadda yakan faru a yaƙin gaske. A killace wurin, kada kowa ya shiga sai injiniyoyin soja sun zo sun cire shi. Su ma ai suna bukatar gwaji. Manjo ya gyaɗa kai, ya ga an raba gardama kowa ya samu.

Ban iya karanta taswirarsu ba. Sai da na ga sojoji biyu sun ɗauki jar tuta da farin zare sun nufi gonar Kawu sannan na gane inda yatsan Manjo ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, wannan ita ce gonar dattijon! A matsar da shi mana, ga fili can babu komai, ga kangon bayan gada."

Manjo ya ce in ya matsar da bam don ya ji tausayin wani, to ya daina zama alƙali. Ya riga ya yi iyakar abin da zai iya. Injiniyoyin suna wajen Bunkure suna haɗa gadar wucin gadi, gobe za su iso. Ya naɗe taswirarsa.

Aka kwance wa Kefas ƙyalle, aka ce ya tashi bai mutu ba. Ya murɗa ƙofa, ruwa ya shigo da ƙarfinsa, manoma suka watse da gudu kowa ya nufi gonarsa. Kawu ma ya saɓa bututunsa a kafaɗa, irin lanƙwasassun nan na roba da muke cewa saifon, waɗanda sai mutum ya tsoma su a magudana ya ja da hannu sannan ruwa zai tsallako cikin kunya. Fuskarsa a sake ya zo wurina.

"Malam Iliya, Allah ya yi maka albarka. Karatu ya yi rana."

Na ce, "Kawu, sun ce bam ɗin a gonarka ya faɗa."

"Wane bam?"

"Wanda jirgin ya jefa."

"Ya jefa wani abu ne?"

"A'a, Kawu."

Ya dube ni, ya dubi jar tutar da aka kafa a tsakiyar dashensa, ya dubi zaren da aka zagaye gonar da shi har da gaɓar magudanar da ke gefenta. Ya taka zuwa wurin sojan da aka bari gadi, wani yaro ɗan Katsina da bai fi sa'an ƙanena ba.

"Ɗana, bututun nan kawai zan sa in fita. Ba zan taɓa tutarku ba."

"Baba, ka yi haƙuri. In ka shiga ni za a ɗaure. Wallahi ba ni da yadda zan yi."

Kawu ya sa ƙafa zai tsallake zaren. Yaron ya tare shi da ƙirji, bai ture shi ba, ya dai tsaya. Wasu sojoji biyu suka taso daga gada. Ni na riƙe hannun Kawu na ja shi baya, don na san abin da gindin bindiga ke yi wa haƙarƙarin tsoho.

Sammani, maƙwabcinsa na gona, ya ce zai fasa gaɓar tasa ya turo masa ruwa ta ƙasa. Ya gwada. Amma gonar Kawu ita ce ta farko daga ƙofa, ta fi ta kowa tudu, ruwan ya taru a gindin gaɓa ya tsaya. Muka je gun mai gari, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Na hau keke na bi motar Manjo har Kura, aka ce ya wuce wani sansani. Kafin in dawo la'asar ta yi.

Na tarar da Kawu zaune a bakin zaren, bututun a kan cinyarsa. Ruwa yana wucewa ta gefen gonarsa, magudana cike taf, har kana jin sanyinsa a fuska. Duk gonakin da ke ƙasa sun yi baƙi da laima. Masu wucewa suna yi masa sannu ba sa iya haɗa ido da shi, don kowa ya san da gonar Kawu aka fanshi tasu. Na zauna kusa da shi. Na so in yi kuka, na so in zagi wani, amma na rasa wanda zan zaga. Duk wanda na tuna sai in ga aikinsa ya yi.

Da magariba Kefas ya zo da makulli. Ya tsaya ya fi yadda ya saba tsayawa, yana ta goge hannu a wando. Manoman sashe na gaba suna jiran nasu ruwan da asuba, su ma da shukarsu.

"Baba..."

"Rufe, Kefas," in ji Kawu. "Ranar wasu ce."

Injiniyoyin ba su iso ba sai washegari bayan azahar. Sun zo da wata na'urar neman bam mai faifai a baki, suka shiga a hankali, ɗaya bayan ɗaya, suna taka kunyoyin da muka gyara da hannunmu. Babu abin da ya rage da za su ɓata. Dashen ya kwanta duka a kan busasshiyar ƙasa, ganyen ya naɗe ya yi fari. Suka yi rarrafe har gindin tutar, suka haƙa ɗan rami, suka yi abin da aka koya musu, wani hafsa yana duba agogo. Sannan suka tuge tutar, suka naɗe zaren.

Sajan ɗinsu ya nufo mu yana share gumi, fuskarsa cike da jin daɗin wanda ya yi aiki mai kyau. Da Hausa ya yi magana, bai bukaci tafinta ba.

"Baba, mun cire maka shi. Shiga gonarka, babu sauran haɗari."

Kawu ya miƙe da kyar, ya karkaɗe rigarsa. Ya dubi gonar daga wannan gaɓa zuwa waccan. Na zaci zai faɗi wata magana, har na shirya tare shi. Sai ya ɗan rusuna wa sajan.

"Sannunku da aiki," in ji shi.