Tokar Mama Selina

Shekara shida Dakta Gershon, injiniyan sinadarai, yana ƙona abubuwa a ɗakin bincikensa na Kafanchan. Garin hoda yake nema da zai hanzarta mayar da tsohon man suyar ƙosai ya zama dizal. Gwaji arba'in, duk shirme. Na arba'in da ɗaya ya zuba a gwangwanin madara, ya tafi da shi ƙauyensu Nok hutun Kirsimeti, don bai yarda da kowa ba.

Da ya dawo ya gwada, sai ga dizal garau! Dakta ya fara tafiya da ƙyar saboda girman kai. Ya gayyaci farfesoshi su zo ranar Juma'a su gani da idonsu.

Sai dai gwangwanin ya kusa ƙarewa. Ya sake haɗa hodar sau tara, ko gezau. Tsoro ya kama shi sosai, don idan Juma'a ta yi babu hoda, maƙaryaci za a kira shi. Ranar Laraba ya hau acaɓa zuwa Nok, ya tarar da mahaifiyarsa, Mama Selina, tana tsinke karkashi.

"Mama, wani ya taɓa gwangwanina?"

"Wannan toka naka? Na ɗiba zan sa a miya, na ɗanɗana, na tofar. Ba ya da ƙarfi ko kaɗan. Na zubar a bola, na cika maka da nawa, kada mutane su yi maka dariya."

Dakta ya nemi turmi ya zauna.

"Shekara shida, Gershon! Ko miya ba zai ja ba."

Bai yi musu ba. Ya zaro biro da takarda. Ta nuna masa karan accan da take ƙonawa ta yi toka, ta sa shi ya durƙusa yana hura wuta da rigarsa mai tsada.

"Zafin digiri nawa, Mama? Minti nawa?"

Ta dube shi da tausayi. Ta dangwali tokar da yatsa, ta miƙo.

"Sai ka lasa ya ciji harshe," in ji ta.

Ɗalibai biyu Dakta ya taɓa kora don sun shiga ɗakin bincike da gyaɗa a baki. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya lasa.

"Bai yi ba tukuna," in ji Mama Selina, ganin bai yamutsa fuska ba. "Hura."