Minti Ashirin da Biyar zuwa Abijan

A jikin biyen jirgin, wato tikitin, an rubuta tashi daga Kwatano ƙarfe goma, sauka Abijan goma da minti ashirin da biyar. Sau uku Asiya ta sa aka karanta mata kafin 'yarta Jalila ta shiga taksi zuwa filin jirgin Cadjèhoun, goye da jaririya. Tafiyar da mota ke kwana a hanya, wai kafin shinkafa ta nuna an isa. Ba ta gamsu ba, amma takarda ce ta faɗa.

Goma da 'yan mintoci ta ji rugugin jirgi ya karkata wajen teku. Tekun nan ya taɓa haɗiye wani jirgi ranar Kirsimeti, kuma ta je bakin ruwan ta gani da idonta.

Sha ɗaya saura kwata, wayar Jalila a kashe. Ta kira surukinta Djibril, wanda zai tarbe su a can.

"Sun sauka?"

"Inna, ai da saura. Ki kwantar da hankalinki."

Ta ajiye wayar. A Zongo, in an yi rasuwa a nesa, Asiya ake aikawa gidan ta kai labari. Ta san aikin sarai. Ba a faɗa kai tsaye. A zauna, a tambayi kasuwa, a ce jiki ne ya ɗan matsa, a yi ta cewa a kwantar da hankali har mata su taru.

Sai ga sallamar maƙwabciyarta Fauziyya, malamar makaranta. Ta dubi fuskar Asiya, ta ja kujera ta zauna ba wanda ya ce ta zauna. Da ta ji bayani, sai ta yi murmushi.

"Yaya, agogon Abijan yana bayan namu da awa guda. Kamar dai in kin tsallaka Togo. Suna sama har yanzu."

"Wannan dabarar sabuwa ce, ni ban taɓa gwada ta ba. Wa ya aiko ki?"

"Turmi na zo ara."

"Ni ma da aron gishiri na shiga wurin Saude, ranar da ɗanta ya rasu a Parakou."

Fauziyya ta rantse. Asiya ma ta sha rantsewa. Ta shiga ɗaki ta fito da tabarmi, ta shimfiɗa su a tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, don kada masu gaisuwa su iske ƙasa tsirara.

Tana kan ta huɗu wayar ta yi ƙara. Ta ƙi taɓawa. Fauziyya ce ta ɗauka, ta kara mata a kunne.

"Inna, mun sauka. Sanyi kamar cikin firji."

Asiya ta gane muryar Jalila, amma hankalinta bai kwanta ba. Ta san mutum kan ɓoye rabin labari.

"Yarinyar fa?"

"Barci take."

"Mintsine ta."

"Haba Inna."

"Na ce mintsine ta."

Can sai kuka ya tashi, mai ƙarfi, na jin haushi. Asiya ta zame ta zauna daɓas, ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Kar ki rarrashe ta tukuna," ta ce.