Ƙugiyar Reluwe a Bakin Ruwan Kaoje

Shekarar samun 'yancin kai Bunyaminu ya bar aikin reluwe ya dawo gida Kaoje. Shekara goma ya yi yana haɗa taragai, ƙugiya da tiyon birki, ba su taɓa rabuwa a hannunsa ba. Da kaka ta yi, ya ga igiyar da ake jan jiragen ruwa masu dakon shinkafa da ita, ya yi tsaki. Ya ɗauko sarƙa da ƙugiya, ya haɗe jirage uku gam.

Kawunsa Maidawa, tsohon matuƙin jirgin ruwa, ya jijjiga sarƙar.

"Aiki ya yi kyau, ɗana. To in na tsakiya ya nutse, da wace wuƙa za mu yanke?"