Wadda Ke Tsaye a Bayan Mota

Shekara goma sha ɗaya ni da matata Noelene muna yawo a motarmu mai ɗaki da kicin a ciki, kekuna biyu ɗaure a bayanta. Sanyi ya shigo mu yi arewa, zafi ya taso mu gangaro bakin teku. Ban taɓa yin ribas ba sai ta sauka ta tsaya a baya tana yi mini alama da hannu. Doka ɗaya ta kafa mini, irin wadda kowace mace a zangon matafiya ke kafa wa mijinta.

"Des, in ba ka gan ni a madubi ba, kada ka motsa, ina bayanka ke nan. Ka kuskura ka taka ni, fatalwata ba za ta bar ka ka sha shayi cikin kwanciyar hankali ba."

Ta rasu a watan Afrilu, a gadon asibiti, ba a hanya ba. Bayan an ƙona gawarta, da hannuna na watsa tokar a teku, don haka ba wai ban sani ba ne. Amma da zarar na sa giyar ribas, na duba madubin dama babu ita, na hagu babu ita, sai jikina ya ba ni tana nan tsaye inda madubi ba ya kaiwa, hannu a ƙugu, tana jiran in gan ta. Ƙafata sai ta ƙi sakin birki.

Sai na koyi wayo. Ba na kwana sai inda ake shiga ta gaba a fita ta gaba. Akwai ranar da na zarce gidan burodin da nake nema a garin Cowell, na yi kilomita talatin kafin in sami filin juyawa. 'Yata Kerryn ce ta gano ni.

"Baba, ranar da ka maƙale a wani wuri, zan zo in karɓi makulli, ka dawo gidana a Adelaide, ka zauna ɗakin baya. Na gama magana."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi. In aka raba ni da motar nan, ban san me zan tashi yi da safe ba.

Na maƙale a watan Nuwamba, kusa da garin Streaky Bay. Wata siririyar hanya na bi, ta kai ni har bakin yashi ta ƙare. Daji dama da hagu, teku a gaba, ruwa kuma ya fara cikowa. Ina zaune riƙe da sitiyari wata mata ta iso a keke, da bokitin ƙaguwa rataye a hannu. Ta ce sunanta Rhonda.

"Dattijo, jirgin ruwa ka saya ko mota? Nan da rabin awa kifaye ne za su zama baƙinka."

"Ba na yin ribas."

"Kai da gemu fari fat? To sauka in fitar maka."

Na ƙi. In ma za a taka Noelene, ba baƙuwa ce za ta taka ta ba. Wannan ban faɗa ba.

Rhonda ta jingine keke, ta koma bayan motar ta gefen dama inda nake ganinta a madubi, ta ɗaga hannu tana yafito ni. Na sauke gilashi, na ce a hankali, "Noelene, matsa." Sannan na saki birki.

Motar ta fara ja da baya. Ina jiran in ji ƙarar buge ta, irin ta buhu in ya faɗi. Mita goma. Mita hamsin. Tsoro kuwa ban taɓa jin irinsa ba. Ban ankara ba sai ga mu a bakin kwalta, Rhonda tana dukan jikin mota.

"Ka gani? Ko ganye ba ka taɓa ba! Dama iya shege ne."

Makulli ya tsira, ya kamata in yi murna. Na sauka, na zagaya baya, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa na leƙa ƙarƙashi. Na bi hanyar da ido har bakin ruwa. Sawun taya ne biyu, miƙe sambal, da sawun takalmin Rhonda a gefe.

"Me ka yar, dattijo?"

Na kasa tashi. Babu kowa a wurin. Ashe wata bakwai ɗin nan ni kaɗai nake yawo.