Sunan da Tabawa Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Duk wanda ya taɓa cin waina a bayan tashar Rumuokoro, a Fatakwal, ya san Hajiya Tabawa, ya kuma san ba a ja da ita. Shekara talatin da ɗoriya tana gaban tanda a wurin nan. Ta yi faɗa da 'yan kamasho da Pidgin, ta yi ciniki da matan kasuwa da Ibo, direban da ya fesa mata taɓo kuwa ta wanke shi tas da Hausa, bai ji ko kalma ɗaya ba amma ya gane saƙon. Abu ɗaya ne tak bakin nan nata bai taɓa furtawa ba, shi ne sunan ɗanta na fari, Awwalu.

Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Haka ta taso ta gani a gidansu a Yelwa: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sakar masa fuska a gaban mutane. In tana nemansa sai ta ce wa ƙanwarsa, "Zakiyya, ina yayanki?" In ba kowa a kusa ta yi gyaran murya, shi kuma ya san da shi ake.

Awwalu ya yi shekara tara a Malabo, can Ikwatoriyal Gini, yana gyaran janareto. Bara ya dawo gida da matarsa Yasmin, wadda mahaifinta marigayi Bahaushe ne ɗan kasuwa, mahaifiyarta kuma 'yar garin Bata ce mai suna Consuelo, ba ta jin komai sai yarensu da Sifaniyanci. Yanzu Yasmin na da cikin wata shida. Tabawa har ta sayi bahon wankan jego ta ɓoye a bayan ƙofa, wai don kada a ce tana zumuɗi.

Wata safiya suna yankan albasa, Zakiyya ta kawo labarin. "Inna, maman Yasmin na zuwa ranar Asabar ta sama."

"Allah ya kawo ta lafiya. Sai me?"

"Ba ziyara kawai ba ce fa. 'Yarta za ta zo ɗauka, ta haihu a can, ta zauna a can. Yaya kuwa kin san zai bi matarsa."

Tabawa ta ajiye wuƙa. "Me muka yi mata?"

Zakiyya ta yi ta kame-kame, sai da uwar ta daka mata tsawa sannan ta faɗi. Ashe duk lokacin da aka kira Consuelo a waya ta bidiyo, tana lura Tabawa na kau da kai in Awwalu ya shigo. Ta tambayi 'yarta da wane suna uwarsa ke kiransa, Yasmin ta faɗi gaskiya, ta ce ba ta kira. "Shi ne ta ce wai macen da ba ta iya kiran sunan ɗanta, yaya za ta iya riƙe ɗan wani?"

"Ba a yi mata bayani ba?"

"An yi, Inna. Ta ce ita da abin da ta gani take aiki."

Ran Tabawa ya ɓaci ƙwarai. Ita da ta goya yaron nan cikin ruwa har gwiwa zuwa asibiti lokacin da ƙyanda ta kusa kai shi, yau ita ake cewa ba ta san riƙon ɗa ba! Amma a ƙarƙashin fushin akwai tsoro, kuma ta san da shi. Shekara tara ta yi tana kallon ƙofa. Ba ta jin ƙasusuwanta za su ɗauki wasu taran.

"To, tunda da ido take aiki, za ta gani," in ji ta. "Gidana za ta zo, ni zan gabatar mata da mutanena, da yarenta. Ba na son tafinta."

Zakiyya ta ƙyalƙyale da dariya. Da ta ɗago ta ga fuskar uwarta, dariyar ta koma ciki.

Bayan azahar Tabawa ta yafa mayafi ta nufi rumfar Malam Jumare, tsohon mahaucin da ke tsire a bakin kasuwa. Ya yi shekara goma sha biyu a Malabo yana saurayi, kuma tun da ya dawo bai bar kowa ya manta ba. Da ya ji abin da ya kawo ta, ya gyara zama kamar an naɗa shi alƙali. Ya yago takardar naɗe tsire, ya ɗauko biro, ya rinƙa rubuta mata Sifaniyanci da ajami, don shi ne rubutun da take karantawa.

"Da farko ki ce bienvenida, barka da zuwa ke nan. Sai ki dafa ƙirji ki ce me llamo Tabawa, sunana Tabawa. Sai ki nuna 'yarki: le presento a mi hija Zakiyya. Wato ga 'yata Zakiyya. Ita kuma za ta ce encantada, ta yi farin ciki ke nan."

Ta maimaita, harshen na tuntuɓe. Ya gyara, ta sake. Ya koya mata kalmar suruka don Yasmin, ta ce ya goge, ba ta so, wadda ta ce wa Zakiyya ita za ta ce mata. Sannan suka iso layin ƙarshe.

"Le presento a mi hijo," in ji Jumare, "ga ɗana. Sai ki faɗi suna."

"Ba za a tsaya a nan ba?"

"Hajiya, in kika ce ga ɗana kika yi shiru, kamar kin nuna mata rago ne a kara. Su a wurinsu sunan shi ne gabatarwar." Ya dube ta, ya sassauta murya. "Ko ki sa masa wani laƙabi? Ba za ta gane ba."

"Yasmin za ta gane. Shi ma zai gane." Ta naɗe takardar ta ƙulle a gefen mayafi. "In zan yi, gaba ɗaya zan yi."

Kwana tara suka rage, kuma a kwana taran nan ba abin da Tabawa ba ta gabatar ba. Ta gabatar da direbobi ga kwandastocinsu, ta gabatar da mai gawayi ga mai albasa, har tanda sai da ta gabatar ga tukunyar miya. 'Yan tasha suka ɗauka, duk wanda ya zo sayen waina sai ya ce bienvenida, Hajiya, ita kuma ta ce ya ba ta wuri tana karatu. Layukan farko suka zauna mata daram. Na ƙarshe ne ya ƙi. Da hantsi, in gida ya yi shiru, takan tsaya ita kaɗai a tsakar gida ta ce mi hijo, sai sunan ya ƙi fita kamar an sa masa sakata. Takan tuna mahaifiyarta, wadda har ta koma ga Allah ba ta ambaci sunan yayansu ba, sai ta ji kamar za ta tuɓe ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Har ranar Juma'a ba ta faɗa ba ko sau ɗaya.

Ranar Asabar aka wayi gari da ruwa irin na Fatakwal, wanda ba ya gajiya. Motar da Awwalu ya ɗauko baƙuwa da ita ta maƙale a cunkoson shataletale, ba su iso ba sai bayan la'asar. Matan unguwa uku sun zo taya tarba, dattawa ne sa'o'in Tabawa, irin waɗanda ba abin da ke wuce musu. Consuelo ta fito da lema, gajeriyar mace kakkaura mai tabarau. Ta rungume 'yarta, sannan ta yi wa direba nuni ya bar babbar jakarta a mota. Kowa ya ga wannan, kowa kuma ya gane ba ta yi niyyar daɗewa ba.

A falo Awwalu ya matso zai yi tafinta. Tabawa ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba, ya ja da baya.

"Bienvenida," ta ce, da ƙarfi kamar mai kiran ciniki. "Me llamo Tabawa."

Consuelo ta ɗaga gira. Sannan ta faɗi nata sunan.

Tabawa ta jawo Zakiyya. "Le presento a mi hija Zakiyya." Aka gaisa. Ta kama hannun Yasmin, ta gabatar wa mace 'yar da ta haifa da cikinta: "Mi hija Yasmin." Consuelo ta dubi 'yarta, ta dubi hannun da ke riƙe da ita.

Saura mutum ɗaya. Yana tsaye a bakin ƙofa, rigarsa jiƙe, yana kallon ƙasa yadda ya saba in uwarsa na wuri. Shi a zatonsa an gama. Tabawa ta ji idanun matan unguwa a bayanta. Ta taka har inda yake. Ta dafa kafaɗarsa, abin da rabonta da yi a gaban mutane tun yana goye, ta juyo da shi wajen baƙuwa.

"Le presento a mi hijo," ta ce. Sakatar ta rufe. Ta ɗago kai ta dube shi ido cikin ido. "Awwalu."

Wata daga cikin dattawan ta yi salati a hankali. Zakiyya ta toshe baki da mayafi. Shi kuwa, ƙaton mutum ɗan shekara talatin da huɗu, ya manta gabatar da shi ake yi. Uwarsa ta kira sunansa, sai kawai ya durƙusa.

"Na'am, Inna," ya ce.

Consuelo ta rasa abin da ya faru. Ta ga surukinta a durƙushe yana share ido da hannun riga, ta juya ga 'yarta tana tambaya. Yasmin ta yi mata magana ƙasa-ƙasa, ita ma tana hawaye, ta ɗaga yatsa ɗaya: yau ne karo na farko. An sha yi wa Consuelo bayanin nan a waya ba ta ɗauka ba, amma yau ta ga irin nauyin da kalmar ta yi wa matar nan. Ta cire tabarau ta goge. Ta matso ta kama hannuwan Tabawa biyu, masu tabon ƙunar tanda, ta riƙe su gam.

"Encantada," ta ce. Ta sake cewa, "Encantada, Tabawa." Sannan ta nuna waje, ta yi wa Yasmin wata magana.

"Inna," in ji Yasmin da 'yar Hausarta, "ta ce a shigo da jaka. Kayan jariri ne a ciki. Ta ce nan za mu zauna."

Daɗi ya kama Tabawa, amma ba ita za a gani tana kuka a gaban baƙuwa ba. Ta gyara mayafi, ta murtuke fuska, ta juya wajen 'yarta kamar ba abin da ya faru.

"Zakiyya, ce wa yayanki ya tashi ya ɗauko jakar nan, kada ruwa ya jiƙa ta."

Awwalu ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya, ya waiwayo.

"Ba sai ta gaya mini ba, Inna," ya ce. "Ai kin kira ni, na kuma amsa."