Wayfay a Jakar Saffana

Shekara da shekaru Saffana tana zaune a Guangzhou, amma in ka tambaye ta abin da ta sani a China, lissafin ba zai wuce titin Dengfeng da kasuwar kayan miya da tagar kicin ɗinta ba. Mijinta Lukman ajan ne. Shi 'yan Kantin Kwari suke turo wa saƙo ya sayo musu kaya, ya duba, ya loda a kwantena. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya rowa, kuma Saffana tana son abinta. Matsalar ɗaya ce. Ta fi sanin tsakar kansa a kan fuskarsa, don kullum kan a sunkuye yake bisa waya. Ita ta fara ganin sanƙonsa tun shi bai san ya fara ba.

Da azahar ta yi a China, lokacin Kano take farkawa, kuma Kano ba ta farkawa da hannu wofi. Wannan ya ce a turo masa hoton leshi, wancan ya ce kalar da aka turo ba ita ya ce ba. Lukman zai ci tuwo da dama yana amsa saƙo da hagu, ya gama ya ce Allah ya yi albarka, amma ka tambaye shi miyar kuka ce ko ta kuɓewa sai ya leƙa kwano.

Shi ya sa ranar da ya shigo ya ce ya kama musu hayar mota mai ɗaki, sai da Saffana ta ajiye ludayi ta zauna. Hutun sabuwar shekarar 'yan China ya ƙarato, lokacin da kasuwannin Liuhua suke rufewa ruf, masu kaya duk su tafi garuruwansu. Ya ce za su haura Conghua, can arewacin birnin, inda duwatsu da ruwa suke. Ya nuna mata hoton motar: ga gado, ga ɗan murhu, ga banɗaki, ga fili daidai shimfiɗa sallaya. Ba sai sun yi yawon neman otal ɗin da yake karɓar baƙi 'yan ƙasar waje ba, ba kuma sai ta yi ta tambayar masu abinci da wane mai aka soya ba. Daɗi ya kama ta. Ba duwatsun take yi wa murna ba. Ita dai ta samu mijinta ya zauna kusa da ita babu Kano a tsakaninsu, ko da na 'yan kwanaki ne.

Sai ya ce saura intanet.

Layinsa na China ba ya buɗe WhatsApp sai da 'yar dabara, ita kuma dabarar yau ta yi gobe ta ƙi, ta fi ƙi ma in an bar gari. Shi zai wuni a tashar jiragen ruwa ta Nansha kan kwantenar ƙarshe kafin hutu, don haka ita za ta je shagon Tankari. Ya yi mata bayani dalla-dalla: babbar na'ura mai eriya, wadda ake jonawa a mota ta yi ta aiki dare da rana, da data mafi yawa da ake da ita. Saffana ta ce to. A ranta kuwa ta ga an riga an ɗauki Kantin Kwari kacokan an dasa mata a kan gadon motar.

Tankari mutumin Maradi ne, abokin Lukman tun zuwansu ƙasar. Yana da kanta a cikin shagon wani ɗan China da kowa yake kira lawban, wato maigida. Ya tarbe ta da gaisuwa mai tsawo, ya jawo mata kujera, sannan ya shiga fito da kaya. Tankari ba ya sayar da ko igiyar caji sai ya ba ka tarihinta.

Ya fara da 'yar China mai layinta a ciki, mai arha, data kamar ruwan famfo. Amma yawancinsu rajistarsu sai da katin ɗan ƙasa, in ka miƙa fasfo a ce maka meyo, babu. Ko ka samu an yi maka, ita ma WhatsApp ba za ta buɗe ba. Ya ture ta gefe. Abin da zai yi wa Lukman, in ji shi, layin Hong Kong ne, don shi yana buɗe komai ko kana cikin China. Ya fi tsada, kuma kada ta yarda da rubutun da ke jikin kwalin.

Ya ce, "Hajiya, abin ga da suke kira ilimite, wai data marar iyaka, ba shi da gaskiya. In aka sha aka kai wani wuri, sai shi koma rarrafe."

Duk da haka akwai babban tsari akwai ƙarami. Saffana ta daɗe tana kallon ƙaramin. Da shi, kafin a je ko'ina data ta ƙare, magana ta mutu. Amma ta san wayar nan da take jin haushi ita take riƙe da gidansu, ita take riƙe da karatun 'yarsu Najiba a Kano. Ba ta zo ta karya wa mijinta sana'a ba. Ta ce a ba ta babban.

Sai aka zo kan na'urar da za a sa layin a ciki. Tankari ya ɗora babbar a kan kanta yana alfahari da ita, baƙa, mai eriya biyu kamar ƙahon sa. Ya ce wannan in an jona ta, rezo, wato sabis, ba ya yankewa ko a ƙarƙashin dutse. A gefenta akwai wata 'yar fara, girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Saffana ta ɗauka ta juya ta. Maɓalli guda ne a jikinta.

"Wannan fa, Malam Tankari?"

Ya ce mayfay ce, wato wayfay ta aljihu, da batir take aiki, ba ta kai waccan ƙarfi ba amma tana yi.

"In an kashe ta fa?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ai sai an kunna, Hajiya."

Ta ce ita take so. Tankari ya ce bari ya ɗauko mata sabuwa a kwali. Ya daɗe a sito. Ta hango shi ta ƙofa da waya a kunne, amma ɗan kasuwa da waya a kunne ba abin kallo ba ne, ba ta kawo komai a ranta ba. Da ya fito ya sa layin, ya gwada mata, ya yi mata fatan a dawo lafiya.

Lukman ya dawo daga Nansha a gajiye, ya ce an loda kaya, jirgi na shirin tashi. Ta miƙa masa 'yar farar. Ta ce data babba ce kamar yadda ya ce, kuma wannan ba sai an yi ta jan wayoyi a motar mutane ba. Duk gaskiya ne, sai dai ba ita ke nan ba. Ya juya na'urar a hannu ya ce madalla. Ita kuma ta karɓe ta jefa a jaka, wai kada ta ɓata.

Suka kama hanya da safe, da tukwane da garin tuwo da yaji, har da turmin ƙarfe, don Saffana ba ta yarda da tafiyar da babu turmi ba. Titi fayau, kusan kowa ya bar gari. Dogayen benaye suka ƙare, gonaki suka fara, sai duwatsu. Suka samu wurin da ake ajiye irin motocin a bakin ruwa, suka yi fakin.

Azahar na yi hannun Lukman ya tafi aljihu da kansa. Ya duba waya, ya ɗago.

"Maman Najiba, ɗan kunna min."

Ta kunna. Ya gama, ta kashe, ta ce a lallaɓa batir. Motar cike take da wuraren caji, har da ɗaya a gefen matashin kansa, amma babu wanda ya ambata. Bayan ɗan lokaci ya sake roƙo, ya kuma sake. Kowane roƙo kuwa sai ya ɗago kai ya dube ta, kuma Saffana ba ta gaggawar buɗe jaka. Kafin yamma kunya ta fara kama shi. Mutum da girmansa yana ta a kunna min a kunna min. Sai ya koma kewaye-kewaye, ya fara yaba miya tukuna, har ya gane da kansa cewa ta kuɓewa ce. Saffana ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kunna masa.

Washegari suka fita taka ƙasa. Ta ɗauki mayafi, ta bar jakar a kan gado, kuma ba mantuwa ta yi ba. Suka bi gefen ruwa a hankali. Wasu tsofaffin 'yan China, mata da miji, da suka yi fakin kusa da su, suka cika musu hannu da lemo, aka yi ta gaisuwa da murmushi da ɗaga kai. Lukman ya ɓare mata lemo. Ya ba ta labarin zuwansa na farko, yadda ya wuni yana yawo a Liuhua ya kasa gane ƙofar da ya shigo, labarin da ba ta taɓa ji ba. Suka yi azahar a kan ciyawa. Sau biyu ta ga hannunsa ya nufi aljihu ya dawo. Ba su koma mota ba sai da la'asar ta yi sanyi.

Tana danna maɓallin na'urar, wayarsa ta hau rawa a kan tebur, ta ƙi tsayawa. Saƙo bisa saƙo, kira bisa kira da ba a ɗauka ba. Fuskar Lukman ta canza. Kwantenar nan dukiyar mutane ce, in wata takarda ta samu matsala a Nansha aka neme shi aka rasa, ita ce sila. Kuma ta san ko babu asara, daga yau zai karɓe na'urar, ba ta da bakin hana shi.

Ya zauna a matakalar motar ya shiga kunna saƙonnin murya ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye a bayansa. Na farko, bayan doguwar gaisuwa, ya tambayi ko kaya sun taso. Na biyu, wata Hajiya mai atamfa, ta tambayi ko kaya sun taso. Na uku ya ce ba wai yana matsa masa ba ne, amma kaya fa? Wani Alhaji shi kaɗai ya turo jere guda, na ƙarshen yana cewa ya ga Lukman ba ya kan layi, Allah ya sa dai ba jirgin ne ya nutse ba.

Kafaɗun Lukman suka fara girgiza. Saffana ta leƙo ta ga dariya yake yi, har da hawaye. Tsawon shekarun nan bai taɓa jin su a jere ba, ɗaya-ɗaya yake amsawa tun suna da zafi, kowanne ya zame masa kamar gobara. Yau da suka taru, ashe tambaya guda ce. Ya gyara murya ya ɗauki saƙo ɗaya: jirgi ya tashi, kaya suna kan ruwa, daga nan zuwa Legas babu abin da shi ko su za su iya sai addu'a. Ya tura wa kowa da kowa, ya kife wayar.

Saffana ta sauke ajiyar zuciya, amma ranta bai kwanta ba. Ta zaro 'yar farar ta miƙa masa.

"Abban Najiba, riƙe ta a hannunka. Akwai babbar da ka ce a shagon. Da gangan na bar ta."

"Na sani," ya ce. "Tankari ya kira ni tun kina zaune a kujerarsa."

Ta yi tsaye da hannu a miƙe. Ai kuwa, wane ɗan kasuwa ne zai canza wa abokinsa oda bai tambaye shi ba? Da ƙyar ta tambaye shi me ya ce wa Tankari.

"Cewa na yi ya ba ki wadda kika zaɓa." Ya karɓi na'urar, ya danna maɓallin har fitilarta ta mutu. "Na san halina. In tana hannuna ba zan iya kashe ta ba."

Ya jawo jakarta, ya sa na'urar a ciki, ya ja zif ɗin da kansa. Sannan ya matsa mata wuri a matakalar, ya ce ko akwai sauran shayi. Ta zubo musu, ta zauna. Ruwan da ke gabansu ya yi luf, tsofaffin maƙwabtansu suna can suna dafa wani abu mai ƙamshin citta.

Ta ɗago za ta miƙa masa kofi ta tarar ita yake kallo, kallo sosai, babu komai a hannunsa. Ga furfura ta cika masa gemu ba ta san yaushe ba. Abin da ta daɗe tana nema ke nan, amma da ya zo sai kunya ta rufe ta kamar wata amarya. Ta sunkuyar da kai, ta bar shi yana kallon tsakar ɗankwalinta.