Layin Auta a Bangon Ƙofar Ruwa

Kwana uku aka yi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da hantsin rana ta huɗu gari ya washe, matan unguwa suka fito da shanya suna hamdala. Auta ce kaɗai ba ta saki jiki ba. Tana yankan riga a bakin taga ta ga lambatun ƙofar gidansu yana tafiya da baya. Ruwan da ya kamata ya gangara kogi shi ne yake dawowa, da ledoji da kumfa.

"Baba, lambatu ya juyo."

Mahaifinta yana kwance a ɗakin ciki, shekara biyu ke nan ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tsaron ƙofar ruwa ta birnin, kafin ya bar wa babban ɗansa aikin.

"Ruwan tudu ne ya iso," in ji shi. "Yayanki bai buɗe ba?"

"Da ya buɗe ai da mun ji rugugi."

"To maza je ki ce masa ya dubi layinki."

Ta jefa almakashi a aljihu, ta ja mayafi ta fita. A lungu ruwa ya riga ya rufe idon sawu.

Labarin kogin nan tun tana ƙarama ta haddace shi. Da can hannu uku gare shi. Da birni ya cika, hukuma ta miƙar da na tsakiya, ta yi masa bangon siminti hagu da dama. Hannu na biyu aka cike shi da ƙasa aka yanka filaye, kuma a kansa unguwarsu take zaune, shi ya sa kogi in ya tashi neman tsohuwar hanyarsa su yake fara gaisarwa. Na ukun aka bar shi busasshe, aka sa masa ƙofar ƙarfe. In ruwa ya yi yawa sai a buɗe, ya zagaye gari ya zube a fadama.

Baba bai yi boko ba, amma yana da nasa rubutun. Kowace shekara, inda ruwa ya tsaya a jikin bangon da ke gindin ƙofar, sai ya sa babbar ƙusa da guduma ya sassaƙa layi. Kowane layi da sunansa: layin gada, layin gobara, layin makaranta. Mafi tsawo, kuma na can sama, shi ne layin Auta, na shekarar da aka haife ta, lokacin da ruwa ya kwashe gida goma sha ɗaya a lungunsu. Dokar Baba guda ce: in ya rage tafin hannu ruwa ya taɓa layin Auta, a buɗe, kada a jira kowa.

Da ta iso sai ta tsaya turus. Bango fes, ya sha fenti fari da shuɗi, babu ko ɗigon layi. Yaya na zaune a kujera da waya a hannu, yana kallon wani dogon allo mai lambobi da aka kafa a bakin ruwa, ƙasansa kore, tsakiyarsa rawaya, samansa ja.

"Yaya, me kake jira?"

"Ke kuma daga ina, ko sallama babu? Ja nake jira. Ga shi nan, ruwa yana kan rawaya."

"Ina layukan Baba?"

Ya kau da kai. "Manyan baƙi aka yi wancan watan. Injiniya ya ce bangon ya yi kama da wanda kaji suka tona."

"Sai kai kuma ka ɗauki buroshi."

"Aiki aka sa ni."

"Sannu da aiki! Shekara talatin da huɗu na mahaifinka ka shafe da yamma ɗaya, don wasu masu ƙaton ciki su tsaya a ɗauke su hoto."

"Ki iya bakinki, Auta. Ni ba sa'anki ba ne."

Ba ta kula shi ba, allon take kallo. Allon ba sabo ba ne, fenti kawai ya sha. Amma tana tuna cewa kansa daidai yake da zoben ƙarfen da Baba ke rataye fitila. Yanzu ya wuce zoben da nisa.

"Wa ya taɓa allon nan?"

"Magina ne suka cire shi da za su ɗaga dakali, suka mayar."

"Bulo nawa suka ɗaga?"

"Biyu."

"Kuma daga kan sabon dakalin suka auna suka kafa shi. Kai, Yaya! Ni tela ce, in an ɗage kalmasa daga nesa nake ganewa. Jan da kake jira ba zai zo ba sai gadon Baba ya yi iyo."

"Injiniyoyi suka duba suka sa hannu."

"Hannu suka sa, ba ido ba."

Ta tuɓe takalmi ta bi matakalar siminti ta gangara. Ruwan sanyi ya kama ta har ƙugu, yana jan zaninta. Yaya yana ihu ta fito, ita kuwa tana shafa bango da yatsu. Fenti ya rufe launi, amma bai cike ramin ƙusa ba. Ta sami layi ɗaya, gajere. Ta ƙara sama. Can sai yatsanta ya faɗa wani dogo, ta bi shi har ƙarshensa inda Baba ya yi masa ƙugiya. Layinta ne, yana ƙarƙashin ruwa da yatsa huɗu.

"Zo ka taɓa! Zo ka sa hannunka, in ka manta hannun ubanka!"

Ya sauko, ya laluba. Fuskarsa ta sauya. Ya hau da gudu ya buga wa Injiniya waya, ya yi ta "ranka ya daɗe" yana durƙusawa kamar mutumin yana gabansa. Ya kashe, ya tsaya.

"Ya ce yana taro. Ya ce duk wanda ya buɗe kafin ja, a bakin aikinsa."

Auta ta harare shi. "To riƙe aikinka da kyau. In ruwa ya tafi da tsoho sai ka je ofis su ba ka wani."

Ya dube ta kamar zai mare ta. Sai ya jefa wayar a kujera ya kama ƙaton sitiyarin da ke ɗaga ƙofar. Ya murɗa, ko motsi. Ya sake, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Auta ta leƙa ta ga dalili: dogon ƙarfen da ke hawa da sauka, wanda Baba ke shafa wa giris kowane mako, shi ma an yi masa kwalliya da shuɗin fenti, ya bushe a cikin zarensa.

"Har wannan? Ina gwangwanin giris?"

"An zubar. Wai ƙazanta ne."

Ta zaro almakashinta ta hau kankarar fenti zare bayan zare, har bakin almakashin ya karye. Yaya ya kwance ƙasan babur ɗinsa ya taro baƙin mai a murfin kwano, suka tuttula. Suka kama sitiyari su biyu. Ya yi ƙara, ya motsa, ya juya. Ruwa ya afka busasshen hannun kogin da rugugin da ya girgiza dakali.

Da ta koma gida ruwa yana ƙwaurinta. Maƙwabta sun ɗora Baba a kan teburin yankanta, katifarsa tana yawo a tsakar ɗaki tare da yadin mutane na sati guda. Ta tsaya tana kallon bango. Ruwan bai ƙara hawa ba. Can ya fara barin danshi a samansa.

"Ina ya tsaya?" Baba ya tambaya.

"Ya wuce nawa da yatsa huɗu."

"An ja layi?"

Washegari da safe ta je da ƙusa da guduma. Yaya yana tsaye da takardar tuhuma a hannu, ido ya yi ja.

"Auta, don Allah. In suka ga an fasa fentin nan, abin zai ƙaru a kaina."

Ta kafa ƙusa daidai inda laka ta bar shaida a farin bango.

"Ka faɗa musu sunansa layin Yaya," ta ce. Ta ɗaga guduma ta buga.